Shawara ga mai shiga cikin shanu a kan doki

Assalamu alaikum 'yan uwa. A manyan wuraren turkar shanu na Amurka, irin na jihohin Texas da Kansas da Nebraska, akwai ma'aikatan da kullum suke hawa doki su bi garke-garke, su ware duk saniyar da ba ta da lafiya. Wanda neman abinci ya kai shi wannan aiki, ga abin kiyayewa.

Santsi shi ne babban abokin gaba. Daɓen siminti in kashin shanu da fitsari sun jiƙa shi, ko ƙanƙara ta kwanta a kai lokacin sanyi, kofato ba ya kamawa. Doki ya zame, a kan ƙafarka zai kwanta. Don haka a irin wurin nan bar shi ya taka a hankali, kada ka fizgi linzami ka juya shi da ƙarfi, ko da bijimin ya kufce maka. Ai yana cikin shinge, ina za shi?

Sai likkafa. Sa takalmi mai tudun dunduniya, kuma gaban ƙafa kawai za ka zura. In ƙafa ta maƙale bayan ka faɗo, doki ya firgita, jan ka zai yi a ƙasa.

Ƙara ɗaure majayi bayan ɗan zagaye, domin yakan saki sirdi ya karkace. Wajen buɗe ƙofar ƙarfe kuwa, kula da gwiwarka, musamman in ana iska. Hular kwano ma a sa, ko abokan aiki za su yi dariya.