Yadda za ka tambayi gwamnati ina kuɗin suka tafi, a rubuce, bayan bala'i ya wuce

Duk lokacin da wani abu ya faru haka muke yi, a cika Facebook da Allah ya isa, a tsine wa gwamna a tsine wa minista, sati biyu sai wata rigimar ta taso a koma can. Su kuma waɗanda ke ofis sun daɗe da gane mu, sun san fushin talaka ba ya kai wata guda, shi ya sa ko gezau ba sa yi. To akwai wata hanya da yawancinmu ba mu taɓa gwadawa ba, ba ta da daɗi kamar zagi amma tana barin shaida, wato dokar 'yancin samun bayanai wadda 'yan boko ke ce wa FOI, Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2011.

Bari mu ɗauki Maiduguri misali. Ranar 10 ga Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare, ruwa ya shanye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, katangar gidan yari ta faɗi fursunoni sama da 270 suka tsere, dabbobin gidan zoo na Sanda Kyarimi yawanci suka mutu, wasu ruwa ya kwaso su cikin unguwanni. Kuma fa ba farau ba ne, a 1994 ma wannan dam ɗin ya yi wa garin irin haka. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai, kwanaki kaɗan kafin nan jami'ai sun je wajen sun dawo sun ce a kwantar da hankali, sannan daga baya 'yan jarida suka tono cewa shekara da shekaru ana saka kuɗin gyaran dam ɗin a kasafin kuɗi. To ina kuɗin? wa aka ba kwangilar? Irin wannan tambayar ce dokar ta ba ka damar yi, kuma dole a amsa maka.

Abu na farko ka gano wa ke riƙe da takardun, don nan ne yawanci ake ɓata. Mutane da yawa gwamnan jiha suka yi ta yi wa ihu a kan Alau alhali dam ɗin yana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ne, ita kuma ta tarayya ce a ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa. Amma in tambayarka ta shafi kayan tallafi da gudummawar da aka tara ne, to wannan ka nufi SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ko kwamitin rabon, in na tarayya ne NEMA, takwararta ta ƙasa. In ma ka yi kuskuren ofis doka ta ce su tura takardar inda ya dace su sanar da kai, sai dai kar ka dogara da wannan, ka san halin kayanka.

Sai rubuta wasiƙar. Don Allah a nan ka ajiye fushinka a gefe, ba wajen wa'azi ba ne, ba wajen tuna musu lahira ba ne. Shafi ɗaya ya isa. Ka sa wa shugaban hukumar, a sama ka rubuta cewa kana neman bayani ne a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, sannan ka jera abin da kake so ɗaya bayan ɗaya. In ka rubuta "ku gaya mana yadda kuka cinye kuɗinmu" ka ba su hanyar gudu, za su ce ba su gane me kake nema ba. Amma in ka ce ina son kwafin takardun duk kwangilar gyaran dam kaza daga shekara kaza zuwa shekara kaza, da sunan kamfanin da aka ba, da nawa aka ware nawa aka saki, da takardar shaidar kammala aiki, to ka ɗaure su da jijiyarsu. Takarda za ka nema, ba ra'ayinsu ba. Kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba, doka ta ce ba dole ka nuna abin ya shafe ka ba, don haka in wani ya ɗaga gilashi ya ce kai wane ne, ɗan jarida ne ko lauya, ka ce masa ɗan ƙasa ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba ma wani zai iya rubuta masa.

Yanzu ga wajen da ya fi komai muhimmanci. Ka buga kwafi biyu ka kai ofishin da ake karɓar wasiƙu, ka miƙa ɗaya, ɗayar kuma ka tsaya a kanta sai an buga mata hatimi an rubuta kwanan wata an sa hannu. Za a ce maka oga ba ya nan, za a ce mai hatimin ya tafi salla, za a ce ka bari kawai za a kai masa. Kar ka yarda, ka samu benci ka zauna ka jira shi ya dawo daga sallar. Da an buga ka ɗauki hotonta da waya tun kafin ka fita daga get, ka tura wa mutum biyu. Wannan hatimin shi ne dukiyarka, in babu shi gobe za su rantse ba su taɓa ganin takardarka ba.

Daga ranar suna da kwana 7 su ba ka amsa, za su iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa amma sai sun sanar da kai. Kuɗin da za su iya karɓa na fotokwafi ne kawai, ba wani na goro. Akwai abin da doka ta yarda su hana, kamar sirrin tsaro ko bayanan rayuwar wani, amma ko shi sai sun rubuto maka dalili da sashen da suka dogara da shi, kuma kwangilar siminti da buhunan shinkafa ai ba sirrin soja ba ne.

Gaskiya yawanci shiru za ka ji, kar in yaudare ka. Amma shirun nan a doka ƙin amsawa ne, kana da kwana 30 ka kai ƙara babbar kotu, kuma su ne za su yi wa alƙali bayanin dalilin hanawa ba kai ba, in aka same su da laifi tarar naira 500,000 ce, wadda a yau kuɗin man jeep ɗin oga ne na 'yan kwanaki, amma kunyar da rubutun jarida sun fi tarar ciwo. Da can jihohi na fakewa da cewa dokar ta Abuja ce ba ta hau kansu ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma, a wata shari'a da ta taso daga Edo. In ba ka da kuɗin lauya ka nemi ƙungiyoyi irin SERAP ko Media Rights Agenda, ko CITAD a Kano, ka tura musu hoton takardar mai hatimi.

Kuma kar ka yi shi kai kaɗai. Ku haɗu ku goma a unguwa, da mai unguwa in zai yarda, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, kowa ya sa hannu, sannan ku kai kwafi gidan rediyo a karanta a shirin ƙorafi, ranar da kwana bakwai suka cika ku sake komawa a sanar cewa ba a amsa ba. Haka aka yi a Bagega ta Zamfara, bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a jihar tun 2010 gwamnati ta yi alkawarin kuɗin tsabtace garin daga gubar ta yi shiru, sai da matasan Follow The Money, ƙungiyar bin diddigin kuɗin gwamnati, su Hamzat Lawal suka dinga bin maganar ba ƙaƙƙautawa kafin aka saki kuɗin a farkon 2013.

In amsar ta zo kuma, ka ɗauke ta ka je wajen aikin da ƙafarka ka gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa, ka ɗauki hoto. In takarda ta ce an gama aiki kai kuma ciyawa ka tarar, wannan ba na Facebook ba ne kuma, ka haɗa hotunan da kwafin amsar ka kai ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, su ma ka tabbatar sun buga maka hatimi.