Yadda Za Ka Zaɓa wa Jarumin Labarinka Ƙaramar Mashinga Idan Zombi Sun Mamaye Bauchi

Wasu matasan marubuta a nan Bauchi sun fara gwada rubuta labaran ƙirƙira na zombi, wato gawawwakin da wata annoba ke tayarwa su riƙa bin masu rai suna cizo. Na karanta rubutun wani ƙanena wanda jaruminsa ya tsaya a bakin kasuwar Wunti ya yi ta ɓarin wuta har minti goma bai canja gidan harsashi ba, sai na ji labarin ya fita daga raina, domin babu bindigar hannu da ke yin haka. Zombi ƙage ne, amma bindiga aba ce ta zahiri mai nauyi da lissafi, kuma mai karatu yana amincewa da ƙagen ne idan ya ga an kiyaye gaskiyar abin da ya sani.

Fara da sanin abin da kake magana a kai. Ƙaramar mashinga bindiga ce mai sarrafa kanta wadda ke cin harsashin fistol, saboda haka AK-47 da kowa ya sani ba ta cikin wannan rukuni, tunda harsashinta na raifil ne. Amfanin ƙaramar mashinga yana kusa, tsakanin mita 100 zuwa 200, wanda ya dace da lungunan cikin gari kamar na Jahun da Nassarawo, inda mutum ba ya hango abin da ke bayan kwana. Ka kuma tuna cewa Dokar Makamai ta 1959 ta haramta wa farar hula mallakar irin wannan makami a Najeriya. Don haka kada ka ɗora ta a hannun ɗan tireda haka kawai. Ka sa jarumin ya zama ɗan sanda ko soja, ko ka nuna dalla-dalla yadda ta faɗo hannunsa bayan gari ya watse.

Abu na farko da za ka auna shi ne harsashi, kuma shi kaɗai ya isa ya fitar da wasu sanannun bindigogi daga takara. Thompson ta Amurka tana cin harsashin .45, ga ta da nauyin da ya kusa kilo 5. PPSh-41, wadda Georgy Shpagin ya ƙera wa Tarayyar Sobiyet a 1941, tana da gangar harsashi mai ɗaukar 71, amma harsashin nata 7.62x25 ne. P90 ta Beljiyam, wadda ta fito a 1990, tana ɗaukar 50 na wani harsashi na musamman, 5.7x28. Duk ukun suna da kyau a takarda, sai dai ranar da guzurin jarumi ya ƙare a kan hanyar Dass, babu inda zai samo madadinsu. Harsashin milimita 9 shi ne ya fi yawa a hannun jami'an tsaro a faɗin duniya, kuma fistol ma tana cin sa. Wannan ya bar mana huɗu masu cin sa: MP5, Uzi, Sterling da Beretta M12.

Daga nan sai ka yi lissafin gudun wuta, wanda yawancin marubuta ke ɗauka cewa yawansa alheri ne. MP5 tana fitar da harsashi kusan 800 a minti, gidanta kuma 30 yake ɗauka, ma'ana idan jarumi ya danne kunama bai saki ba, cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya ya zama ba shi da komai. Uzi tana yin kusan 600, Sterling da Beretta kuma kusan 550. A al'adar waɗannan labarai zombi ba ya faɗuwa sai an same shi a ka, don haka feshin wuta asara ce tsantsa. Dukkan huɗun suna da makunnin da ke mayar da su harbi ɗai-ɗai, kuma a nan ya kamata jarumi mai hankali ya bar shi. Harsashin milimita 9 guda ɗaya yana da nauyin giram 12 ko kusa da haka, saboda haka guda 300 sun haura kilo uku da rabi, ban da gidajensu, ban da ruwa da abinci. Ka bar mai karatu ya ji wannan nauyi a kafaɗar jarumin lokacin da yake hawan Dutsen Tanshi da tsakar rana.

Inda na fi so ka tsaya da kyau shi ne yadda cikin bindigar yake aiki, domin a nan hali yake bambanta. MP5, wadda kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fitar a 1966, tana harbi ne sakatarta, wato ƙarfen ciki da ke tura harsashi bakin bututu, na rufe, don haka babu abin da ke motsi sosai kafin harsashi ya fita, shi ya sa harbin farko yake zuwa daidai inda aka saita. Da ita dakarun musamman na Ingila suka kutsa ofishin jakadancin Iran da ke Landan a 1980, abin da ya ɗaga sunanta a duniya. Sauran ukun kuwa sakatarsu a buɗe take jira. Idan aka ja kunama sai ƙarfe mai nauyi ya rugo gaba kafin ya tayar da harsashi, wannan motsi kuma yana iya karkatar da saitin wanda bai saba ba. Idan da saiti ne kaɗai abin dubawa, da MP5 ta cinye. Amma cikinta yana da ƙananan sassa masu son shara da kulawa, labarinka kuma yana faruwa ne a garin da iskar hunturu ke cika kwano da ƙura kafin a gama cin abinci.

Uzi, wadda Uziel Gal ya ƙera kuma sojojin Isra'ila suka fara riƙewa a 1954, an yi ta ne da hamada a zuciya. Gidan harsashinta yana shiga ta cikin mariƙin hannu, saboda haka a cikin duhu, idan an ɗauke wuta, hannu ɗaya yana samun ɗayan ba tare da lalube ba. Aibinta nauyi, kilo uku da rabi. Sterling ta Ingila, wadda aka fara amfani da ita a 1953 kuma sojojin Najeriya ma suka riƙe ta, ba ta kai kilo 3 ba, an kuma yi wa sakatarta wasu tsage-tsage masu kankare datti yayin da take kai da komo. Gidan harsashinta mai ɗaukar 34 yana shiga ta gefen hagu, wanda ke ba mutum damar kwanciya rub da ciki a kan rufin soro ya yi harbi, sai dai yana iya saƙalewa a ƙofar zaure mai ƙunci. Beretta M12 ta Italiya ta 1959 tana da mariƙi biyu, gaba da baya, kuma an ƙera ta a masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna, don haka ganinta a labarin da ke faruwa a Arewa ba zai ba kowa mamaki ba.

Saura maganar ƙara. Idan zombinka suna bin sauti, harbi ɗaya a kasuwar Muda Lawal zai tara su daga unguwanni uku. MP5SD da Sterling L34A1 suna zuwa da salansa a jikinsu, amma salansa rage ƙara take yi, ba ta kashe ta, kuma irin waɗannan ba su da yawa, don haka kada ka raba wa kowa.

Ni dai ga hukuncina. Idan jaruminka horarren jami'i ne mai mazauni ɗaya da lokacin share makaminsa kowane dare, ba shi MP5. Idan kuwa tafiya zai yi da iyali daga cikin gari zuwa wajen Yankari a tsakiyar hunturu, babu mai, babu makaniki, to Sterling zan ba shi, Beretta kuma ta zama ta abokin tafiyarsa, domin harsashinsu ɗaya ne ko da gidajensu ba sa shiga juna. Kafin ka rubuta babin farko, ka buɗe shafi na daban ka rubuta yawan harsashin da suka fita da shi daga gida, sannan ka riƙa ragewa bayan kowace arangama har ka ga babin da zai ƙare musu.