Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: yadda nake haɗa su

Kwamfutata HP EliteBook ce ta hannu, kuma ita kaɗai gare ni. Da ita nake aikin ofis a Windows, da ita kuma nake koyon Linux da daddare. Duk wanda ya tambaye ni yadda ake haɗa biyun, abin da nake fara gaya masa shi ne: aikin ba wuya, wuri ɗaya ne tak ake yin ɓarna, wato wajen raba faifai, ma'ajiyar bayanai ta cikin kwamfuta.

Na san haka ne don ta faru da ni. Ƙanwata ta kawo min kwamfutarta in sa mata Linux tana ajin ƙarshe a jami'a, na yi gaggawa na zaɓi "Erase disk", wato share faifan gaba ɗaya, sai ga babi uku na furojet ɗinta sun tafi. Tana zaune kusa da ni a kan tabarma, ba ta ce uffan ba, sai hawaye. Sati biyu muka yi muna sake bugawa daga takardun da ta rubuta da hannu. Saboda haka kafin komai, ka kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani faifai na waje, ka buɗe su a can ka tabbatar sun shiga. Ka kuma cika batir, don idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar raba faifai, komai na iya lalacewa.

Ga mai farawa, Linux Mint nake zaɓa. Fasalinsa ya yi kama da na Windows, kuma nauyinsa bai kai gigabait 3 ba, alhali Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux ɗin, ya doshi 6. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san bambancin. Ka sauko da shi, ka nemo filashi mai gigabait 8, ka ɗora shi da manhajar Rufus. Rufus zai share duk abin da ke kan filashin, ka sani.

Yanzu sai gyaran Windows, kuma shi ne ya kamata ya riga zama a kwamfutar, Linux ya biyo baya. Ka duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, na kunne. In yana kunne, ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48, ka rubuta a takarda, sannan ka kashe shi. Mutane da yawa ba su ma san faifansu a kulle yake ba sai ranar da shuɗin allo ya tare su yana neman lambar. Ka kashe "Fast Startup" a sashen wutar lantarki na Control Panel, domin yana barin Windows kamar mai gyangyaɗi maimakon ya mutu gaba ɗaya, sai Linux ya kasa rubutu a ɓangarensa. Daga nan ka buɗe Disk Management, ka danna ɓangaren C, inda Windows yake, da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Shrink Volume". Ni gigabait 60 nake yankewa, wato ka rubuta 61440 a akwatin. Filin da ya fito da baƙin layi ka bar shi haka nan, kada ka taɓa.

Sai ka soka filashin, ka sake kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, sannan ka zaɓi filashin a jerin da zai fito. Mint zai tashi daga filashin ba tare da ya taɓa faifanka ba. Kada ka yi sauri a nan. Gwada wayifai, gwada sauti, gwada madannai. In duk suna aiki, sai ka fara sakawa.

Ga wurin da nake so ka cire hannunka daga linzami ka karanta sau biyu. Zaɓin da kake nema shi ne wanda ke cewa "alongside Windows Boot Manager", ma'ana a zaunar da shi gefen Windows. In ba ka ga wannan layin ba, ka tsaya, ka fita. Galibi ko dai ka tayar da filashin ta tsohon tsari maimakon sabon tsarin tayar da kwamfuta mai suna UEFI, ko kuma faifan yana kan tsarin Intel RST, wanda sai an mayar da shi wani tsarin mai suna AHCI a saitin kwamfutar da kulawa, in ba haka ba Windows ɗin ma ya ƙi tashi. A nan gara ka nemi wanda ya taɓa yi.

In an gama, ka zare filashin. Wani baƙin allo mai suna GRUB zai riƙa tarbar ka a duk kunnawa, ka zaɓi wanda kake so da kibiya.

Saura agogo. Da ka dawo Windows daga Linux, za ka tarar ya koma baya da awa ɗaya, domin Linux yana ajiye lokacin duniya a na'urar, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da shi da awa guda. 'Yan'uwanmu na Gana ba za su ga wannan ba. Ka buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, a Mint ka rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1, ka sa kalmar sirrinka, sannan ka koma Windows ka daidaita agogon sau ɗaya.