Yadda ɗalibin jami'a a Yamai zai haɗa fanni biyu ba tare da ya zubar da nasa ba

Duk wanda ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda jami'ar Yamai take, da takardar bak a hannu, sashe ɗaya za a ce ya zaɓa: kimiyya, aikin gona, likitanci, shari'a, tattalin arziki, adabi da ilimin zaman jama'a, ko makarantar horon malamai ta ENS. Da ya zaɓa, nan zai zauna shekara uku ko fiye. Aikin da ke jiransa a waje kuwa bai san da wannan rabon ba. Cibiyar AGRHYMET da ke can hayin kogi tun 1974, sunanta kansa haɗin abu uku ne: noma, ruwa da yanayi. Shi ma Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar ke amsa sunansa tun 1992, masanin fizik ne da ya ƙare rayuwarsa kan makamashin rana, amma littafin da ya fitar a 1964 a kan tsarin ilimi a Afirka yake.

Ba wanda zai shirya maka wannan haɗin a faranti. Kai za ka gina shi, kuma ginin yana da tsari.

Fara da lissafin lokacinka

A tsarin LMD, wato lisans, masta da dakta, lisans shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Masta shekara biyu, kiredi 120. Kiredi ɗaya yana nufin aikin awa 20 zuwa 25, har da zaman aji, aikin gwaji da karatun ɗaki. Ke nan zango guda yana cin awa 600 zuwa 750. In ka raba su a mako 16, kana da aikin awa 38 zuwa 47 kowane mako tun kafin ka taɓa wani fanni na biyu. Shi ya sa muke cewa kada fanni na biyu ya wuce awa huɗu ko biyar a mako, kuma a jingine shi gaba ɗaya mako uku kafin jarrabawa.

Shekarar farko ta fanninka ce kaɗai. Nan ne aji ya fi cika, nan ne aka fi zubar da mutane. Ka je ofishin sashenku ka karanta ƙa'idar jarrabawa da idonka: yaya ake haɗa maki a kai 10 bisa 20, waɗanne darussa ne ke ɗaukar nauyin juna, nawa za ka iya bin bashi ka wuce aji na gaba. Kada ka dogara da abin da ƴan aji biyu suka faɗa maka a gindin bishiya. Mai maimaita aji yana iya rasa alawus ɗinsa na ANAB, hukumar da ke biyan alawus ɗin ɗalibai, kuma tabon yana nan a takardar makinsa ranar da zai nemi masta. Abin da za ka ƙara a wannan shekarar biyu ne kawai, Excel da rubutu mai tsabta.

Matsala ce ke zaɓar fanni na biyu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓe don yayi. An ji ana maganar kwamfuta, kowa ya ruga. Bayan wata biyu ɗoki ya huce, saboda ba a san me za a yi da abin ba. Hanyar da ke ɗorewa ita ce ka ɗauki matsala ɗaya da ka sani tun daga gida, ka tambayi kanka wane ilimi ne fanninka ya rasa wajen warware ta.

Ɗauki ɗalibin shari'a da ya tashi yana ganin rikicin manoma da makiyaya. A aji zai karanta dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, da dokar makiyaya ta 2010. Zai san akwai kwamitocin filaye, COFO, tun daga ƙauye zuwa kwamin har zuwa departama, masu ba da takardar shaidar saye, kyauta, gado, aro ko jingina. To, amma ranar da aka tsaya a bakin gona, mai gona na cewa iyakarsa ta kai gawon can, makiyayi na cewa nan burtali ne tun kakanni, ayar doka ba ta nuna wuri. Ana buƙatar wanda zai ɗauki alamun wuraren da GPS, ya sauke su a manhajar QGIS, ya fitar da taswira mai ma'auni. Wannan ilimin yana sashen labarin ƙasa, ƴan taku kaɗan daga ajinsa. QGIS kyauta ce, kuma kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarta. Lauyan da ya iya zana burtali a taswira, ya kuma iya zama gaban hakimi ya yi bayani da Hausa ko Zabarmanci, ba shi da yawa a ƙasar nan.

Haka ɗalibar tattalin arziki da iyayenta ke noman albasa a Galmi. Ta san farashi yana faɗuwa lokacin cira, ya hau bayan watanni, don haka lissafin aji zai ce mata a adana. Abin da lissafin bai gaya mata ba shi ne me ya sa albasar wani ke ruɓewa a rudu, ta maƙwabcinsa kuma ta kai. Amsar tana sashen aikin gona: yawan takin ure yana sa albasa ta cika ruwa, ban ruwa dab da cira yana hana wuya bushewa, wadda aka ji wa rauni wajen cira ita ke fara ruɓa ta shafi sauran. In ba ta san wannan ba, za ta lissafa riba a kan buhunan da ba za su kai kasuwa ba. Wanda ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ma yana da wannan damar, tun da shari'a, tattalin arziki da aikin gona duk suna can.

Yadda ake shiga ajin da ba naka ba

A shekara ta biyu ka nemi jadawalin ɗaya sashen, ka zaɓi darasi ɗaya tak a zango, na share fage, ba na ƴan shekarar ƙarshe ba. Kafin ka zauna, ka sami malamin a ofishinsa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce: "Malam, ni ɗalibin shari'a ne aji biyu. Ina aiki kan rikicin filaye, ina roƙon izini in riƙa sauraron darasinku na taswira." A babban zaure da wuya a hana ka. Aikin gwaji ne ke da wuya, domin kujeru da na'urori a ƙirge suke. In an ce babu wuri, ka roƙi takardun aikin ka yi a ɗaki.

Ka nemi aboki ɗaya a wannan sashen ku yi musaya, kai ka koya masa naka, shi ya duba maka aikinka. Wannan yana da amfani na musamman a nan, saboda sassan jami'a ba kullum suke tafiya tare ba. Wani na zango na farko, wani na jarrabawar zango na biyu, jadawali kuma yana iya sauyawa cikin mako. Ranar da darussa biyu suka yi karo, naka za ka shiga, abokin ya kawo maka nasa.

Abin da ba a rubuta ba, ba a ƙirga shi

Nan ne da yawa ke yin asara, kuma abin yana da ciwo. Darasin da ka saurara don kanka ba zai fito a takardar makinka ba. Kwamitin zaɓen ƴan masta takarda yake dubawa, gasar shiga aikin gwamnati kuma sunan digiri take tambaya. Saboda haka dole iliminka na biyu ya bar sawu a wuri uku.

Na farko, rahoton ƙarshen lisans ko kundin masta. Ka zaɓi batu mai ƙafa biyu, amma tambayar binciken ta zama ta fanninka, ɗayan ya zama kayan aiki. In kana son malami na biyu daga wani sashe, malaminka na asali za ka fara gaya wa, shi zai amince kafin ka je. Wanda ya tsallake shi yakan tsinci kansa tsakanin malamai biyu, kowa na jan kundin wajensa, shekara ta wuce ba a kare ba. Ka roƙi su zauna sau ɗaya tun farko a daidaita hanyar bincike, domin mai ilimin zaman jama'a zai gamsu da hira mai zurfi da mutum 20, mai ƙididdiga kuwa zai tambaye ka yadda ka zaɓo su.

Na biyu, istaj, wato zaman koyon aiki. Ka neme shi inda fannoni ke cakuɗe: cibiyar binciken noma ta INRAN, AGRHYMET, tashar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, cibiyar binciken zaman jama'a ta LASDEL, hukumar ƙididdiga ta INS, ko ofishin magajin gari. Ka kai takardar neman wata uku kafin hutu, da wasiƙar sashenku. In an gama, ka roƙi a rubuta ainihin aikin da ka yi cikin takardar shaida, kamar tsara tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ko zana taswirar rijiyoyi. Takardar da ta ce kawai ka zauna wata biyu ba ta da nauyi.

Na uku, aikin hannunka: taswira ɗaya, jadawalin farashi na wata shida da ka tattara da kanka, rahoto mai shafi biyar. Wannan ya fi tarin takardun horon kwana biyu da ake biya da tsada, waɗanda masu ɗaukar aiki sun daɗe da sanin yadda ake samunsu.

Kada a manta da harshe. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ka koyi rubuta Hausa da ƙa'idarta, da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ka kuma saba da karanta Ingilishi minti 20 kullum, don yawancin bayanan QGIS da sababbin binciken noma da lafiya da shi ake fitar da su.

In kana nufin sauya fanni a masta, tun kana zango na biyar ka je wurin shugaban wannan mastar da takardun makinka, ka tambaye shi waɗanne lisans suke karɓa, kuma waɗanne darussa ne dole a gani a takarda. In akwai giɓi, kana da sauran zango guda da darussan zaɓi da istaj ɗinka don cike shi kafin a buɗe karɓar takardu.