Yadda ake auna zafin da mutum ke ji a titunan birni mai cunkoso

Duk wanda zai yi wannan binciken ya fara cire rai da lissafin da wayarsa ke nuna masa, don digirin nan da kake gani na iska ne kawai, kuma galibi daga tashar yanayi ta filin jirgi ake ɗauko shi, can bayan gari inda babu benaye. Jiki kuwa abu huɗu yake ji a tare: zafin iska, danshinta, gudunta, sai kuma hucin rana da wanda kwalta da bango ke amayarwa. Na huɗun nan shi ne babba idan rana ta take, shi ya sa wanda ke inuwa da wanda ke tsallaken titi suke shaƙar iska kusan iri ɗaya amma ɗaya na jiƙewa da gumi.

To da farko ka zaɓi wurare da suka sha bamban: lungu matsattse tsakanin benaye, fili buɗaɗɗe, gindin bishiya, titin da ya miƙe gabas zuwa yamma da wanda ya yi kudu zuwa arewa. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, binciken Ali-Toudert da Mayer na 2006 kan yanayin Ghardaia a Aljeriya ya nuna titin gabas-yamma ya fi daɗewa cikin rana. A kowane wuri ka rubuta tsayin gini da faɗin titi, ka ɗauki hoton sama da kyamara mai ganin kewaye duka, don sanin yawan sararin samaniyar da ke buɗe, ana lissafa shi daga 0 zuwa 1.

Sai kafa na'urori a tsayin mita 1.1 daga ƙasa, wajen tsakiyar jikin mutum a tsaye kenan. Ma'aunin iska dole a yi masa rumfa, in ba haka ba rana za ta gasa shi ya yi maka ƙarya. Shi kuma huci da ƙwallo ake kama shi, asali baƙar ƙwallon tagulla ce mai faɗin milimita 150 da ma'auni a cikinta, amma tana ɗaukar kusan minti 20 kafin ta daidaita, don haka da yawa sun koma ƙwallon tebur da aka yi wa fenti toka-toka, ta fi saurin amsawa.

Ka auna safe da rana da dare. Daren nan ake yawan tsallakewa, alhali lungun da ya ba ka inuwa da rana shi ne ke riƙe zafi da dare saboda babu ta inda zai fita.

Kana aunawa kana tambayar masu wucewa yadda suke ji, daga -3 sanyi sosai zuwa +3 zafi sosai, ka rubuta irin kayan jikinsu da ko tafiya suke ko zaune.

Daga nan ka zuba alƙaluman a manhaja irin RayMan ta fitar maka da PET ko UTCI, ma'aunai ne da ke haɗa abubuwa huɗun nan su ba da digiri ɗaya na zafin da jiki ke ji. A ma'aunin UTCI, digiri 26 zuwa 32 matsakaicin takura ne, 32 zuwa 38 mai tsanani, sama da 46 kuwa ya kai maƙura. Amma dai ka gwada shi da amsoshin mutanen, don wanda ya tashi a ƙasa mai zafi yakan ce lafiya lau a inda jadawalin ya ce ya takura.