Yau tana misin, gobe ta daina: kurakuran da ke cinye kuɗin masu motocin gudu a Abuja

Ka taso daga Gwarinpa lafiya lau. Kana hawa babban titin Kubwa ka taka totur, sai injin ya ɗan shaƙe, motar ta girgiza, fitilar cek injin ta kama. Kafin ka kai gareji a Apo komai ya lafa, injin na kaɗawa sumul. Bakanike ya kasa kunne ya ce, "Alhaji, ai motarka ƙalau take." Bayan kwana uku abin ya dawo. Na ga masu Mustang da BMW da yawa sun yi asarar kuɗi mai yawa a kan wannan matsala ta misin, wato wata silinda ta injin ta kasa ƙona mai yadda ya kamata, kuma abin yana damuna, domin mafi yawan asarar daga gaggawa take.

Kuskure na farko shi ne cire kan batir don fitilar ta mutu, ko a jona na'urar kwamfuta a goge kod ɗin, wato lambar da ke nuna matsalar, tun ba a rubuta shi ba. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da tsarin OBD-II, wanda da shi mota ke gano matsalarta ta ajiye bayani. Lokacin da injin ya yi misin, ƙwaƙwalwar motar tana ajiye kod, tana kuma ajiye bayanin yanayin da abin ya faru: gudun motar, juyin injin, zafinsa, da nauyin da yake ja. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ba ta barin wata shaida sai wannan. Ka goge, ka koma lalube cikin duhu. Ɗauki hoton allon na'urar da wayarka kafin kowa ya taɓa wani maɓalli.

Sai kuma rashin bambance fitilar da ta kama ta tsaya da wadda ke ƙiftawa. Idan ta tsaya, ka iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙiftawa, ɗaga ƙafa daga totur ka nemi wurin tsayawa. Man da bai ƙone ba yana gangarawa cikin salansa, ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, har ta narke. Kuɗinta ya ninka na filogi sau da yawa. In aka ce maka a fasa ta a zubar, kada ka yarda. Misin ɗin na nan daram, ka dai ƙara wa kanka wani kod.

Inda aka fi zubar da kuɗi shi ne sayen kaya da ka. Da an ji misin sai a ce a canza filogi duka, a canza kwayil duka, wato abin da ke ba filogi wuta, in bai yi ba a koma kan nozul mai fesa mai. Alhali kod ɗin ya riga ya nuna hanya. P0301 yana nufin silinda ta ɗaya, P0303 ta uku, haka har P0308 a injin mai silinda takwas. A ce P0303 ya fito. Ciro kwayil ɗin silinda ta uku ka musanya shi da na ta biyar. Yanzu ne ya dace a goge kod, tunda an rubuta shi. Ka tuƙa motar har abin ya dawo, ko da zai ɗauki kwana biyu. In ya koma P0305, kwayil ne, guda ɗaya za ka saya. In ya tsaya a ta uku, sai a musanya filogi, bayansa nozul. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ko motar ta warke ba za ka san abin da ya warkar da ita ba. Wannan gwaji ba ya cin ko kobo, haƙuri kawai yake so.

Yayin da kwayil ke waje, haska tocila cikin ramin filogin. Baƙin mai a ciki yana nuna gaskit ɗin murfin sama na yoyo, kuma sabon kwayil ma lalacewa zai yi in ba a gyara yoyon ba. Ruwa a ciki kuwa, tambayi kanka yaushe aka wanke injin da mesa mai ƙarfi, ko yaushe ka ratsa ruwa da damina. Filogi ma sai an kula: jabu sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske. Nemi lambar da kamfanin motar ya rubuta, ka saya a hannun wanda ka yarda da shi.

P0300 wani labari ne dabam. Ma'anarsa misin ɗin yana yawo tsakanin silindodi, don haka sai a duba abin da suka yi tarayya a kai, wato iska da mai. In ya zo tare da P0171 ko P0174, iska ta yi wa mai yawa: ko wata roba ta tsage tana zuƙar iska, ko famfon mai ya yi rauni, ko na'urar auna iska ta yi datti. Ƙurar hunturu tana yi wa wannan na'ura illa sosai, musamman ga wanda ya sa matatar iska irin ta buɗe don motar ta yi ƙara. Batun fetur kuma ba wasa ba ne. Ba mu manta gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, mai yawan sinadarin metanol, da motocin da ya kwantar. Injin motar gudu, balle mai turbo, ba ya jure man jarka na 'yan bumburutu. Idan misin ya fara ne bayan ka sha mai, faɗa wa bakanike tun farko.

Mutane da yawa ba sa lura da lokacin da abin ke faruwa, alhali rabin amsar na nan. Misin da ke zuwa sai an taka totur ko ana hawan tudu ya fi nuna kwayil, filogi ko ƙarancin mai. Wanda ke zuwa a silo, motar na tsaye a danja, ya fi nuna zuƙar iska. Na sanyin safiya da ke ɓacewa bayan minti ɗaya ko biyu, in ruwan lagireto na raguwa ba tare da ka ga yoyo ba, gaskit ɗin kan injin ake zargi, kuma wannan ba a jinkirta shi. Wanda sai injin ya yi zafi, a sa rewaya ya bi wayoyi da soket, ya girgiza su injin na kaɗawa.

Ƙwaƙwalwar mota ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma, ko da yake ita ake fara ambata a wasu garejin. Kafin a kai gare ta, a auna matsin kowace silinda. A injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin na BMW da Audi da yawa, a leƙa bawul ɗin shigar iska ko baƙin gawayi ya taru. Kuma kada ka karɓi motar sai kun fita titin filin jirgi tare da bakanike, na'urar karanta kod a jone, yana kallon ƙidayar misin ta kowace silinda kai kana taka totur kamar ranar da abin ya fara.