Yadda na cire asusun akantarmu daga jerin masu haɗari

Ranar Litinin da safe Microsoft Entra ID Protection, tsarin da ke sa ido kan tsaron asusun shiga na ma'aikata, ya sa asusun akantarmu cikin masu babban haɗari, dokar shiga da muka kafa kuma ta hana ta buɗe imel. Ta tabbatar da kanta ta waya har sau biyu, amma matsayin bai motsa ba.

Abin da ya ɓace mini shi ne haɗarin iri biyu ne. Akwai na shiga guda ɗaya, wanda tabbatarwa ta waya ke wankewa. Akwai kuma na mai asusun kansa, shi kuwa sai an sauya kalmar sirri. Da na buɗe bayanan, sai na ga an tsinci kalmar sirrinta cikin bayanan da suka fallasa a intanet.

Saura kaɗan na danna maɓallin watsi da haɗarin don ta samu ta fitar da albashi. Allah Ya kiyaye. Watsi yana share alamar ne kawai, kalmar sirrin tana nan a hannun ɓarayi. Maɓallin tabbatar da kutse ma na bar shi, don ban ga baƙuwar shiga ko ɗaya ba.

Sai na katse duk zaman da take ciki, wato na fitar da asusunta daga kowace na'ura. Sauya kalmar ya ƙi tafiya da farko, saboda ban kunna tsarin da ke mayar da sabuwar kalmar sirri zuwa sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da asusunmu, ba. Na kunna, ta sauya, matsayin ya koma "an gyara".